Ku Tambayi Malam: Wa Bin Laden Ya So Ya Ci Zaɓen Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jami'ar Tahoua, ina zaune a unguwar Wadata. Gardama ce ta kaure a fadarmu har shayi ya huce ba wanda ya kula. Wani abokinmu ya ce faifan bidiyon da Usama bin Laden ya fitar gab da zaɓen Amurka na 2004 shi ya ba George Bush nasara, kuma da gangan ya yi hakan. Wani ya ce ina, ai zagin Bush ya yi tun daga farko har ƙarshe, don haka John Kerry, abokin takarar Bush, yake so. Na uku ya ce mu daina wahalar da kanmu, dama can bakinsu ɗaya. Mu lokacin wasunmu na goye, wasu ba a ma haife su ba. Malam, ina gaskiya take?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa karatu albarka. Bari mu fara da abin da ya faru kafin mu je ga abin da aka ce ana nufi.

Ranar Juma'a ce, 29 ga Oktoba 2004, cikin watan azumi, saura kwana huɗu Amurkawa su jefa ƙuri'a. Tashar Aljazeera ta ƙasar Katar ce ta saka faifan. Mu nan sai da safe muka ji a rediyo, kuma hankalin mutane ba a can yake ba. Fara ta yi ɓarna a gonaki a waccan damina, hatsi ya fara tashi tun ba a gama kaka ba, ga namu zaɓen na Nijar na 16 ga Nuwamba yana ƙaratowa, wanda Tandja Mamadou da Mahamadou Issoufou suka kai zagaye na biyu. Amma ina koyar da tarihi a lise, wato makarantar sakandare, lokacin, na san ranar Litinin yara za su tare ni da maganar tun daga bakin ƙofa, don haka na bi ta sosai.

An ga mutumin tsaye bayan teburin jawabi, da farin rawani da alkyabba ruwan zinariya. Babu bindigar nan da aka saba gani jingine kusa da shi, babu duwatsu a bayansa. Wannan shigar ma magana ce. So yake a gan shi kamar shugaba mai yi wa wata ƙasa jawabi, a manta cewa shekara uku ke nan ana farautarsa. A cikin faifan ne ya fito fili ya ɗauki alhakin harin 11 ga Satumba 2001, wanda ya ci rai kusan 3,000, cikinsu har da Musulmi da suka fita neman abincin iyalinsu da safe. Ya ce tunanin ya zo masa ne tun 1982, lokacin da Isra'ila ta mamaye Labanan yana ganin ana rushe benaye. Ya yi wa Bush ba'a, wai ya zauna a aji yana sauraron yarinya na karanta labarin akuya alhali benaye na ci da wuta. Ya tambayi Amurkawa me ya sa bai kai hari Suwidin ba in dai ƴanci ya tsana kamar yadda Bush ke faɗa. Ya ce dabararsu ita ce su tsotse dukiyar Amurka har ta talauce, kamar yadda Tarayyar Sobiyet ta ƙare a Afganistan. Sai kalmar da aka fi maimaitawa: tsaronku ba ya hannun Kerry, ba ya hannun Bush, ba ya hannun Alƙa'ida (wato ƙungiyarsa), yana hannunku.

To ka duba, babu inda ya ce ku zaɓi wane. Amma kafin gari ya waye kowane ɓangare ya riga ya samo abin da yake so a ciki. Mutanen Bush suka ce: kun gani, abokin gabar ƙasa namu gwanin yake zagi, to wa ya fi tsoro ke nan? Mutanen Kerry suka ce: kun gani, ga shi da ransa da lafiyarsa, saboda an bar shi ya sulale a duwatsun Tora Bora a Disamba 2001, sannan aka juya aka tafi yaƙin Iraƙi a Maris 2003. Faifai ɗaya, fassara biyu masu karo da juna, kuma kowacce tana da ƙafar tsayawa.

Akwai fassara ta uku, ita ce abokinka na farko ya tsinta. A 2006 ɗan jaridar Amurka Ron Suskind ya ba da labarin cewa a ranar da faifan ya fito, masu nazari na hukumar leƙen asiri ta CIA sun zauna sun ga cewa Bin Laden alfarma ya yi wa Bush. Hujjarsu mai sauƙi ce. Yaƙin Iraƙi yana kawo wa Alƙa'ida mabiya. Hotunan cin zarafin fursunoni a kurkukun Abu Ghraib da suka fito a Afrilu 2004 sun yi mata tallar da kuɗi ba zai saya ba. A cikin wannan watan na Oktoba ne Abu Mus'ab al-Zarƙawi, da ke zubar da jini a Iraƙi, ya yi wa Bin Laden mubaya'a. Me zai sa ya so a sauya shugaban da manufofinsa ke cika masa sansani? Kuma ya san Amurkawa ba za su yarda a ce shi ya zaɓa musu shugaba ba, don haka zagin Bush daga bakinsa tamkar yabo ne. Kerry da kansa, bayan zaɓe, ya ce faifan ya cutar da shi. Bush ma daga baya ya ce ya ɗauka zai taimake shi.

Sai dai, ɗana, wannan hasashen ma'aikatan leƙen asiri ne a kan abin da ke zuciyar wani, kuma ko da sun yi daidai a kan niyya, niyya daban, sakamako daban. Abokinka ya haɗa su ya ƙulle wuri ɗaya. Mu duba alƙaluma. Bush ya samu ƙuri'a kusan miliyan 62, Kerry kusan miliyan 59. A wakilan jihohi, waɗanda su ne ke yanke hukunci a tsarinsu, Bush 286, Kerry 251. Jihar Ohayo ce ta raba gardama, da ratar ƙuri'a kimanin 118,000; da ta faɗa hannun Kerry da shi ne shugaba. Da aka tambayi masu fitowa daga rumfunan zaɓe abin da ya fi damunsu, kashi 22 cikin ɗari suka ce tarbiyya da ɗabi'u, 20 suka ce tattalin arziki, 19 ta'addanci, 15 Iraƙi. Waɗanda suka ce ta'addanci, mafi yawansu ƙwarai Bush suka zaɓa, amma dama can mutanen Bush ne tun kafin faifan. Abin da ya fi jan hankalina shi ne waɗanda ba su yanke shawara ba sai a kwanakin ƙarshe, wato su ne faifan ya kamata ya kaɗa. Waɗannan, mafi yawansu Kerry suka ba. In da faifan ne ya juya zaɓe, a nan ya kamata a ga sawunsa, kuma ba a gan shi ba.

Ni abin da na ɗauka shi ne an ɗinka jawabin ne yadda ko wa ya ci, mai shi zai buga ƙirji. In Kerry ya ci, ya ce na kayar da Bush da magana kawai. In Bush ya ci, yaƙin da ke ciyar da shi ya ci gaba. Kuma ba na jin manomin Ohayo ne ainihin wanda ake yi wa magana. Mabiyansa ne da ke warwatse suna tambayar ko shugaban na nan da rai, da samarin da ake son janyowa, da masu ba da kuɗi. Ana son su ga cewa ƙasa mafi ƙarfi a duniya ta tsayar da farfagandar zaɓenta tana tattauna kalmomin mutumin da ke ɓoye. Wannan kam ya samu, kuma ƴan siyasa da ƴan jarida ne suka ba shi, su da suka kwana huɗu suna juya kowace kalma.

Abokinka na uku kuwa, ka ce masa Malam bai yarda ba. Faifan ya zo wa Bush a kan gaɓa, faɗuwa ta zo daidai da zama, amma cin moriyar abin da abokin gaba ya yi ba hujjar haɗin baki ba ce. Maganar "bakinsu ɗaya" tana da daɗi a fada saboda tana rufe kowace tambaya, ba ta buƙatar karatu, ba ta buƙatar shaida. Ku ɗalibai ne, kada ku saba da irin wannan hutun. Kuma tana wanke mai laifi: mutumin ya tsaya da bakinsa ya ce shi ya sa aka kashe mutane, sai mu kuma mu nema masa mafita?

In kuna son misalin da ta'addanci ya taɓa zaɓe da gaske, ku bar Amurka ku duba Sifaniya a wannan shekarar. Ranar 11 ga Maris 2004 bama-bamai goma suka tashi cikin jiragen ƙasa huɗu a Madrid da safe, lokacin da mutane ke tafiya aiki. Sama da mutum 190 suka mutu. Saura kwana uku zaɓe, kuma jam'iyyar PP ta firaminista José María Aznar ce ake ganin za ta ci. Gwamnati ta yi maza ta ɗora laifi a kan ETA, ƴan awaren yankin Basque, har Aznar ya riƙa kiran editocin jaridu da kansa yana tabbatar musu. Dalili a fili yake: in ETA ce, gwamnatin da ta yi suna wajen murƙushe ta za ta ci riba, in masu iƙirarin jihadi ne, mutane za su tuna an kai sojojinsu Iraƙi ba da son mafi yawansu ba. Amma tun ranar farko ƴan sanda suka samu wata mota a garin Alcalá de Henares da shaidun da ke nuna wani wajen. Ranar 13 aka kama mutane, aka samu faifan ɗaukar alhaki, jama'a suka kira juna ta saƙon salula suka taru a ƙofar ofishin jam'iyya mai mulki suna neman a faɗa musu gaskiya kafin su yi zaɓe. Washegari aka fita sosai, jam'iyyar gurguzu ta José Luis Rodríguez Zapatero ta samu kujera 164, PP 148. Zapatero ya janye sojojin Sifaniya kimanin 1,300 daga Iraƙi.

Da yawa sun ce Sifaniyawa sun miƙa wuya ga ƴan ta'adda. Ban ga haka ba. Alkawarin janye sojoji Zapatero ya yi shi tun kafin harin. Abin da ya fusata mutane shi ne ana makoki ana kuma ganin gwamnati na lanƙwasa labari don kujera. Maharan ma ba su tsaya ba don an sauya gwamnati: ranar 2 ga Afrilu aka gano wani bam a kan layin dogo tsakanin Madrid da Sevilla, washegari bakwai daga cikinsu suka tarwatsa kansu a Leganés da aka kewaye su. Wanda ya ce da ƙuri'a ake lallashin irin waɗannan, ya duba wannan.

TAMBAYA: Malam, barka da war haka. Direba ne ni, Tahoua zuwa Ƙonni nake yi, ina jin magana iri-iri a mota. Fasinjoji na cewa barazanar Shekau ce ta kawo Buhari a 2015. Ni kuma abin da ke raina namu ne. Kashe-kashen da aka yi lokacin zaɓenmu na 2020 da 2021, har na Tillia, saƙo ne ake aika wa masu zaɓe? Ina da mutane a can.

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba mutanenka haƙuri, ya tsare ku a hanya.

Ta Najeriya gajera ce. An sa zaɓe 14 ga Fabrairu 2015. Ranar 7 ga wata shugaban hukumar zaɓe Attahiru Jega ya ce an ɗage da mako shida zuwa 28 ga Maris, saboda jami'an tsaro sun ce ba za su iya ba da kariya ba. Sai bayan haka Abubakar Shekau, shugaban Boko Haram a lokacin, ya fito a faifai, da Hausa, yana rantsuwar ba za a yi zaɓen ba. An yi. An kai hare-hare ranar, an kashe mutane a Gombe da Borno, amma ƴan gudun hijira sun yi layi a Maiduguri sun jefa ƙuri'a. Muhammadu Buhari ya samu sama da miliyan 15, Goodluck Jonathan kusan miliyan 13. Rashin tsaro ya taka rawa babba, babu musu: ƴan matan Chibok da aka sace a Afrilu 2014, garuruwan da suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Amma abin da mutane suka gani da idonsu ne ya kaɗa su, ba ihun Shekau ba. Shekau bai da ɗan takara, zaɓen gaba ɗaya yake kafirtawa. Masu cewa yana yi wa Buhari aiki su tuna bam ɗin da aka tayar wa ayarin Buhari a Kaduna a Yuli 2014. Kuma a makonnin nan shida namu sojojin da na Chadi suna cikin waɗanda suka ƙwato Damasak, bayan harin da aka kai Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairu.

Namu ya fi nauyi a baki. Daren 12 ga Disamba 2020, ana jajibirin zaɓen ƙananan hukumomi, aka afka wa Toumour a jihar Diffa, aka kashe mutane aƙalla 27, aka ƙone gidaje da kasuwa. Ranar 2 ga Janairu 2021, ranar da hukumar zaɓe ta CENI ta faɗi sakamakon zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, aka kashe mutum kusan ɗari a Tchombangou da Zaroumdareye a jihar Tillaberi. Ranar zagaye na biyu, 21 ga Fabrairu, motar ma'aikatan CENI ta taka nakiya a yankin Dargol, bakwai suka rasu. Sai 21 ga Maris, ranar da kotun tsarin mulki ta tabbatar da nasarar Mohamed Bazoum a kan Mahamane Ousmane, ƴan bindiga a kan babura suka shiga Intazayene da Bakorat da Wistane a yankin Tillia, nan cikin jiharmu. Gwamnati ta ce mutum 137. Kai ka fi ni sanin cewa bayan kowace lamba akwai gida.

Wanda ya jera waɗannan ranakun zai ce lalle saƙo ne, kuma ban ce babu ƙamshin gaskiya ba, musamman harin da ya faɗa kan ma'aikatan zaɓe. Duk mai son nuna cewa hukuma ba ta iya kare kowa, lokacin da idon duniya ke kan ƙasa zai zaɓa. Amma ina ƙin a mai da mutanen Tillia wasiƙar da aka rubuta wa Yamai. Mutanen yankunan nan sun daɗe cikin matsi kafin a buga gangar zaɓe: ana karɓar dabbobinsu da sunan zakka da bakin bindiga, ana kashe masu gari da limaman da suka ƙi ba da kai, garin da ya yi yunƙurin kare kansa a dawo masa da ramuwa. An ci gaba da kashe su bayan an gama zaɓe, bayan an rantsar, bayan an sauya mulki a Yuli 2023. In muka ce duk don zaɓe ne, to ranar da babu zaɓe sai mu daina ƙirga su.

Tasirin da na yarda da shi kuwa ba a cikin zukatan masu zaɓe yake ba. Ban taɓa haɗuwa da mutumin Adar da ya sauya ɗan takara don wani ɗan ta'adda ya yi magana ba. Tasirin yana ƙauyen da ya watse, katin zaɓe ya ƙone tare da bukka; yana wurin malamin makarantar da aka ce ya je ya riƙe rumfa ya ce yana da ƴaƴa ƙanana; yana wurin tsohuwar da ke zaune a sansani nesa da inda sunanta yake a rajista. Waɗanda suka fi kowa sanin ciwon su ne muryarsu ba ta shiga akwati. Duk ranar da aka koma maganar zaɓe a ƙasar nan, tambayar da zan so a fara yi wa hukumar da za ta shirya shi ita ce ina mutanen Tillia da Banibangou da Toumour za su jefa tasu.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce a Sabon Gari. An turo saƙon murya a zauren WhatsApp ɗinmu na mata, wai wani shugaban ƴan bindiga ne ke gargaɗin kada a je kasuwar wani gari. Ƙanena yana cin kasuwar. In tura wa dangi ko in yi shiru? Na kasa barci.

AMSA: Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali. Ki kira ƙanenki da bakinki, ki ce masa ga abin da na ji, ban tabbatar ba, ka tambayi mutanen garin da direbobin hanyar kafin ka fita. Wannan haƙƙinsa ne a kanki. Amma saƙon kansa kada ki tura wa kowa. Ba ki san wanda ya ɗauke shi ba, ba ki san na yaushe ba ne. Sau da yawa tsohon saƙo ne na wata ƙasa ake sauya masa sunan gari, yanzu kuma har kwamfuta tana kwaikwayon muryar mutum. In kuwa na gaske ne, to mai shi ba ya da gidan rediyo, wayoyinmu yake son ara, kuma kasuwar da ta watse don tsoro ta biya masa buƙata ba tare da ya ɓata harsashi ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 83, Allah ya zargi masu yayata labarin aminci ko na tsoro da zarar ya zo musu, maimakon su mai da shi ga waɗanda ke da alhakin tantancewa. Ki kuma sani dokar laifukan intanet ta 2019 tana hukunta yaɗa abin da ke tayar da hankalin jama'a, ko da ba ke kika ƙirƙira ba.

Ki sa maigida ko babban ɗanki ya kai wa mai unguwa ko jandarmomi, su saurara, su ɗauki lambar da ta fara turowa. Sannan ki kira wadda ta saka shi a zauren, ke da ita kawai, ki tambaye ta daga wa ta samu, ki roƙe ta ta goge.